Ranar da Na Hana Motata Tashi

Kwanakin baya ma'aikata suka zo da manyan motocinsu suka baje gangaren nan na ƙofar gidanmu a unguwar Kwararafa, suka zuba kwalta, suka ja lambatu gefe da gefe. Kowa sai sa albarka yake yi, ni ma na sa, don ba zan ce gyara ba shi da kyau ba. Amma da na fito na ga wurin ya kwanta shimfiɗe kamar tabarma, sai na tsaya ina tuna zamanin da. Yaran yanzu ba su san amfanin gangare ba. Su dai su danna wani ɗan maɓalli, mota ta tashi shiru, ko tari ba ta yi. Mu a zamaninmu, duk mai mota a garin Jos kafin ya kama hayar gida sai ya duba ko akwai gangare a ƙofa, saboda sanyin safiyar garin nan ba ya barin batir da ƙarfi. Da yamma ka juyo da hancin mota ƙasa, ka sa mata dutse a taya. Da safe ka janye dutsen, ka sa giya ta biyu, ka bar ta ta gangara, ka saki kuloci, ta yi tsalle sau biyu ta kama.

Safiyar wancan lokaci da kunne ake saninta. Ladan zai kira salla, can nesa ƙararrawar coci ta amsa, jirgin ƙasa ya yi kukansa daga tasha, mai ƙosai ta jefa na farko a mai ka ji cuuu. Daga nan sai muryoyin maza: "Ku taimaka da turi, jama'a!" Ba a tambayar motar wa ce. Mai fitowa daga masallaci da carbi a hannu zai dafa, malamin makaranta da nakatayel zai dafa, mahauci zai ajiye tirensa ya dafa. In ta tashi, mai mota ya ɗaga hannu ta taga, shi ke nan godiyar, kowa ya kaɗe hannunsa ya kama gabansa. Yanzu in motarka ta mace a titi, sai dai masu keke mai ƙafa uku su zagaye ka da ham suna zaginka. Na ga wannan da idona, kuma ni aka zaga, da furfurata.

A shekarun da nake magana, lokacin da soja ke shirin miƙa wa farar hula mulki, ni tela ne, saurayi, da sumata tuli da wandona mai faɗin ƙafa da yake share ƙasa. Shagona bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma hannuna na da kyau, wannan ba yabon kai ba ne, ku tambayi wanda ya sa ɗinkina. Kaftani, 'yar shara, kwat ta ma'aikatan sakatariya, rigunan 'yan makaranta, har kayan mata masu waƙa a coci, duk ni ne. Tun hantsi nake taka keken ɗinki har la'asar sakaliya, kunnena ya saba da ƙararsa har in na tashi ma ina jinta. Aibina guda, ina da cika baki. Abin da ban riga na yi ba sai na faɗa, wanda na yi kuwa sai na faɗa sau goma. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce da ni, "Kai dai ranar da bakinka zai huta, ranar za ka yi ƙiba." Har yau ga ni nan siriri.

Lokacin sababbin motoci sun cika gari, kowane ma'aikaci ya sayo tasa, ledar kujera ma ba ya cirewa don a san sabuwa ce. Ni kuwa raina yana kan wata tsohuwa. Baƙa ce, doguwa, mai ƙofa biyu a baya da ake buɗewa kamar na kabad, an bi gefenta da katako mai sheƙi, sitiyarinta a hannun dama tun na kafin a canja hannun tuƙi. Mai ita wani dattijo ne a unguwar Kabong, Baba Dung. Ya yi wa wani Baturen haƙar kuza direba tun yana saurayi, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Matarsa, wadda kowa ke kira Ngo, wato uwa da yarensu, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, ni nake ɗinka musu kaya. Duk sanda za ta kawo aiki Baba ne ke kawo ta. Ita ta shiga shago tana yi mini faɗa a kan kalmasa, ni kuwa hankalina na waje, ina leƙen mota ta taga.

Da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, har ya kusa hawa kan mai kwandon tumatir a bakin kasuwa, sai Ngo ta ƙwace makulli. Wata ranar Asabar ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a kujerar katako a gindin motar, ya dafa ta da hannu ɗaya. Ya ce, "Tela, na ga idonka tun tuni. Mutane sun zo da kuɗi, na hana. Za su sa shi ɗaukan dankali ne, wata shida ya mutu. Kai zan ba ka." Abin da na ba shi ba abin a faɗa ba ne, ko keken ɗinki mai kyau ba zai saya ba. Sai ya riƙe hannuna, ya ce, "Amma magana ɗaya. Ranar da na mutu, motan nan zai kai ni ƙauye. Ba motan asibiti ba, ba a-kori-kura ba. Na tuƙa shi duk raina ina gaba. Ina so sau ɗaya in kwanta a baya, wani ya tuƙa ni kaman oga." Muka yi dariya. Na ce, "Baba, in dai wannan ne, wallahi an gama. Ni da kaina zan kai ka." Na faɗa da sauƙi, don a lokacin mutuwa a wurina abu ne da ke samun wasu can.

Wata uku ina zuwa Kabong kowace Asabar yana koya mini halinta. Da kunne yake aiki tunda ido ya tafi. Zai ce in tada ta, ya karkata kai, ya ce, "Fulogi na uku ya yi datti." In na kwance, haka ne. Shi ya koya mini in dafa ruwa in zuba a lagireto ran da sanyi ya yi tsanani, in shafe katakon da mai duk sati, kada in taɓa barin laka ta kwana a ƙarƙashinta. Yakan ce, "Mota shi ba jaki ba ne. In ka duke shi ba zai ƙara sauri ba, zai ajiye ka a daji ne." Ya kuma nuna mini wani ɗan abu a cikin injin, bai fi babban yatsa ba, ana ce masa rota. Ya ce in zan bar mota a inda ban yarda da shi ba, in cire in sa aljihu, ko ɓarawo ya kwana yana murza makulli ba za ta tashi ba. Kujerun kuwa ni na sake musu riga da hannuna, jan yadi mai kauri, da ɗinki biyu-biyu.

To, a unguwarmu a wancan lokaci mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai naƙuda, wanda ya karye, tsohon da za a kai asibiti, duk ƙofarka za a buga, kuma ba ka isa ka ce a'a ba. Amma tawa abin da ta yi suna a kai shi ne ɗaukar amare. Ban san yadda aka fara ba. Wata amarya aka kai a cikinta, kafin shekara ta haifi tagwaye, shi ke nan mata suka ce motar Tela na da albarka. Daga Kwararafa har unguwar Congo-Russia, in an sa ranar biki sai an zo an tambaye ni ko motar na nan. In wanke ta, in ɗaura mata kyallaye masu launi daga ragowar yadin shago, in turara cikinta da turaren wuta. Amarya da ƙawayenta a tsakiya, tsofaffi biyu da kwalla da tabarma a baya, ana guɗa ina danna ham. Masu sababbin motoci suna biye da ni a baya kamar 'yan rakiya. Kai, na ji daɗin duniya a shekarun nan, ba zan ɓoye ba.

Ana nan sai nawa auren ya taso. Yarinyar da nake so, wadda yanzu jikokinmu ke kira Hajiya, marainiya ce, a hannun gwaggonta ta tashi. Gwaggon nan mace ce mai faɗa a ji, in ta ce ruwa ba zai dafa tuwo ba to ranar sai a kwana da yunwa. Ni kuwa tun da aka sa rana na ishi kowa. A shago, a wurin mai shayi, a ƙofar masallaci: "Na kai amaren mutane, yanzu za ku ga yadda ake kai amarya. Motar da ta ɗauki na wasu, ranar za ta ɗauki ta gida." Na sayo sabon yadi na yi wa tagogi labule. Ita ma yarinyar, ran da na je zance, ta ce da ni a hankali, kanta a sunkuye, duk ƙawayenta a motar aka kai su, ita kaɗai ta rage, kuma ta daɗe tana jiran ranarta. Na bugi ƙirji na ce ta sa a ranta an gama.

Ɗaurin aure ranar Juma'a, kai amarya ranar Asabar. Ranar Talata da azahar, damina ta yi tsakiya ana yayyafi, sai ga wani mutumin cocinsu Baba a kan keke, ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya a ƙofar shago ya cire hula, ya ce Baba Dung ya rasu da safe, gobe za a kai shi ƙauye, Ngo ta ce a gaya wa Tela. Na yi salati, na ji ƙwalla ta cika mini ido, don mutumin nan uba ne a wurina. Sai da mai keken ya tafi sannan maganar alkawarin nan ta faɗo mini.

Ba wanda bai san alkawarin ba, saboda shi ma na sha ba da labarinsa ina dariya. Kafin la'asar Gwaggo ta iso shagona da kanta, da mayafinta da lemarta. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Na ji rasuwar tsohon nan, Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Amma ka saurare ni da kyau. Motar da ta ɗauki gawa, 'yata ba za ta sa ƙafa a cikinta ba. Ba a kai amarya ɗakinta a inda aka kwantar da mamaci. Uwarta ta mutu ta bar mini ita, ba zan yi wasa da ranta ba." Na ce, "Gwaggo, ai za a wanke." Ta ce, "Ka wanke ta da ruwan Zamzam ma. Na faɗa maka." Ta juya ta tafi. Bayan magariba na tari limaminmu na gaya masa. Ya ce maganar mata camfi ce, ba ta da tushe a addini, alkawari kuwa babu ruwansa da ko mai shi masallaci yake zuwa ko coci. Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Amma ni aure nake ɗaurawa. Kai amarya ba hurumina ba ne, ka san masu shi." Na kuwa sani. Na kuma san ba amaryata kaɗai ba ce: in gawa ta shiga motar nan, ba uwar da za ta ƙara ba ni 'yarta in kai.

Abin da na yi washegari, shekaru da yawa ban gaya wa kowa ba. Bayan sallar asuba, kafin mutane su fito, na buɗe bonet na cire rota na jefa a aljihun kaftanina. Da gari ya waye na shiga na yi ta murza makulli. Maƙwabta suka taru kamar kullum. Aka tura ta gangare, ta yi tsalle ta yi shiru. Aka turo ta sama da ƙyar, aka sake, shiru. Sau uku bayin Allah nan suna haki cikin laka saboda ni, ni kuwa ina girgiza kai ina cewa, "Ikon Allah, ba ta taɓa yi mini haka ba." Na ɗauka na yi dabara: ban karya alkawari ba, mota ce ta ƙi. Na hau tasi na tafi Kabong da niyyar in ɗauko musu a-kori-kura mai kyau.

Gidan cike yake, mata na waƙa a hankali da yarensu, akwatin na tsakar ɗaki an rufe shi da farin yadi. Na durƙusa gaban Ngo na yi mata gaisuwa, na ce, "Ngo, an samu matsala. Motar ta ƙi tashi tun asuba, mun yi turi har mun gaji." Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanunta. Ta ce, "Ya ƙi tashi?" Na ce, "Ƙwarai." Ta ce, "Ya yi tari, ko ko shiru?" Na ce, "Tana juyawa, ba ta kamawa." Sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Mu je in gan shi." Mata suka riƙe ta, ina za ki, mijinki na kwance? Ta ce, "Ba inda zai je. Yana jiran mota ne."

A cikin tasi, ɗan abin nan a aljihuna ji nake kamar garwashi. Muka iso, mutanen unguwa na nan tsaye kewaye da motar, kowa na ba da shawararsa. Suka ga tsohuwa da baƙin kallabi, suka gane, suka yi mata gaisuwa. Ta amsa, sannan ta ce, "'Ya'yana, ku taimaka. Wani ya kawo ruwan zafi, wani ya nemo tsumma, sauran ku je can ƙasa ku cire duwatsu a hanya." Cikin minti ɗaya ta watsa su, ya rage daga ni sai ita. Ta sa hannu ta buɗe bonet ba tare da ta lalubi maɓallin ba. Ta ɓalle murfin gidan rota, ta leƙa, ta mayar da kallonta kaina, ta miƙo tafin hannu.

Ta ce, "Ba ni."

Na ce, "Me, Ngo?"

Ta ce, "Tela, shekara talatin Babanka yana yi mini wannan. Duk ranar da na ce ya kai ni gidanmu, mota ya lalace. In na fasa, mota ya warke. Har na gane, na fara duba aljihun wandonsa kafin in yi wanki. Ba ni."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na zaro shi na sa mata a hannu. Ba ta mayar da shi ba, ta riƙe. Ta ce, "Na ji za ka yi aure jibi. Na san maganan matanku, mu ma muna da irinsa. In ba za ka kai shi ba, ka gaya mini da bakinka, ni zan yafe, shi ma ba zai tashi ya kama ka ba. Amma kada ka sa wa mota laifi. Motan nan bai taɓa ajiye shi a hanya ba, ba zai fara yau ba." Ta kama hannuna ta buɗe, ta ajiye rotan a ciki, ta ce, "Ga shi. In ka so ka sa a aljihu, in ka so ka sa a inji. Ni zan ce musu ban ga komai ba."

Na tsaya ina kallon labulen da na ɗinka wa tagogi. Na tuna fuskar yarinyar nan tana cewa ita kaɗai ta rage. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya zo mini da sauƙi ba, raina ya so motar amare ƙwarai, ya so guɗar nan da ham ɗin nan. Amma tsohuwar da mijinta ke kwance ta baro gawarsa ta zo, kuma maimakon ta tona mini asiri sai ta kori mutane don ta rufa. Na sunkuya na mayar da shi, na ɗaure murfin. Mai ruwan zafi ya iso da butarsa, Ngo ta ce ya zuba, ya zuba. Na murza makulli sau ɗaya ta kama. Unguwa ta ɗauki kabbara, ana cewa hannun tsohuwar nan da albarka yake. Ni dai na sunkuyar da kai na shiga kwance labule.

Muka kwantar da kujerar tsakiya, akwatin ya shiga, sai ɗan kaɗan da ya leƙo, muka ɗaure ƙofofin baya da igiya. Ngo ta zauna a gaba kusa da ni, sauran jama'a suka biyo a babbar mota suna waƙa. Muka bar gari, muka bi ta tsakanin tsofaffin kududdufan kuza da tulin jar ƙasa, gonakin acca kore shar, shingen ƙerana hagu da dama. Hanyar ƙauyen laka ce zalla. Babbar motar ta kafe sau biyu, tawa ko gezau. Na tuƙa a hankali yadda ban taɓa tuƙi ba, duk rami sai na rage, ina cewa a raina, Baba, ka ji yadda ake tuƙa oga. Da muka hango rufin cocin ƙauyen, Ngo ta juya baya ta dafa akwatin ta ce masa wani abu da yarensu, sai a nan ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ina tuƙi ina share ido da hannun riga. Da aka gama binnewa dattawan ƙauyen suka zaunar da ni, aka yanka kaza aka ce ni in yanka da hannuna don in ci da natsuwa. Yau in na ce zan bi waccan hanya ni kaɗai, 'ya'yana sai su ɓoye makulli, wai gari ya canja. Ya canja ɗin kuwa, ba musu.

Ranar Alhamis na wanke motar sau uku, na turara ta har hayaƙi na fita ta taga. Na aika wa Gwaggo a roƙe ta. Ta ce ta faɗa ta gama. Ranar Asabar aka kawo amaryata a sabuwar motar wani mai sayar da siminti, da ledarta a kujera, tawa kuwa na tsaye a ƙofa fes, ba kyalle ko ɗaya. Abokai suka yi mini tsiya son ransu: "Ango, ina motar da za mu ga yadda ake kai amarya?" Na haɗiye. Kuma kamar yadda na zata, daga ranar ba a ƙara zuwa neman ta don biki ba. Masu naƙuda ma sai in ba wata. Sunanta ya koma motar gawa, kuma da yake ta riga ta yi sunan, duk wanda aka yi wa rasuwa a asibiti, Musulmi ko Kirista, ni yake nema. Ban taɓa cewa a'a ba, ban kuma taɓa karɓar ko sisi ba. Bakina ma ya ragu, ko da yake Hajiya za ta ce ba ta ga alama ba.

Ita kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba, sau ɗaya tak ta ce, a makon farko, "Ka ce in sa a raina an gama." Amma maganar gwaggonta ta zauna mata. Haihuwa bakwai ta yi, ba ta shiga motar nan ba ko sau ɗaya. Za mu gaisuwa, ni ina gaba a motata, ita tana biye a tasi. Na yi lallashi, na yi fushi, na kawo mata malamai, ta ce ta ji, ta yarda camfi ne, amma ƙafarta ce ba ta yarda ba. Sai dai duk ran da na dawo daga ɗaukar mamaci, zan tarar ta ɗora ruwan wanke mota a wuta, ta ajiye mini sabulu da tsumma a bakin ƙofa.

Motar tana nan har yau, a rumfar da na yi mata a cikin gida. Katakon na sheƙi, injin lafiya lau, in na fito da ita samari sai su biyo ni da waya suna ɗaukar hoto. Bara wani mai tara tsofaffin motoci ya zo daga Abuja ya nace, 'ya'yana suka taru a kaina: Baba ka tsufa, idonka ya fara rauni, ka sayar ka huta. Sun kusa cin ƙarfina. Muna cikin maganar a tsakar gida sai Hajiya ta fito daga ɗaki tana dogara sanda, don ciwon ƙafa da na zuciya sun sa ta gaba. Ta ce, "Ba mai taɓa motar nan." Babban ɗanmu ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke da ko shigarta ba ki taɓa yi ba?" Ta ce, "Ban shiga ba tukuna. Ba ita ta kawo ni gidan nan ba, amma ita za ta fitar da ni." Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Malam, wannan karon ka ce an gama, kuma a gama ɗin."

Na ce mata an gama. A hankali na faɗa, ban bugi ƙirji ba.

Tun daga ranar, kowace safiya in na dawo masallaci sai na shiga rumfa na duba mai, na duba ruwa, na murza makulli. Tana tashi, bugu ɗaya. Hajiya na jin ƙarar daga ɗaki, wani lokaci ta ɗaga labule ta leƙo ta koma. Na kai mutane da yawa a motar nan, hannuna bai taɓa rawa a kan sitiyari ba, kuma in ranar ta zo ni zan tuƙa, ba zan ba kowa ba. Amma a kowace salla ina roƙon Allah, in da hali, ya sa ni za a fara kwantarwa a baya.